Ana Zaton Wuta a Maƙera: Tarihi da Kwatancin Makamashin da ke Kama Tartsatsin Ƙyastu

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya leƙa gidajen ajiye kayan tarihi, a sashen da aka keɓe wa kayan kunna wuta, abin da zai fi cin karo da shi shi ne duwatsu da ƙarafa. Zai ga ƙyastu iri-iri, wani kamar munduwa, wani kamar lauje. Zai ga ƙanƙara manya da ƙanana. Zai kuma ga 'yan akwatunan ƙarfe da na itace da ake adana su a ciki. Haka abin yake a babban tarin da kamfanin ashana na Bryant and May ya yi a Ingila, wanda Miller Christy ya wallafa jerin kayansa a 1926. Dalilin haka a fili yake. Dutse da ƙarfe suna daɗewa a ƙasa, auduga da tsumma kuwa ko dai wuta ta cinye su ko su ruɓe. Wannan ya sa aka fi ba da tarihin kunna wuta a matsayin tarihin dutse da ƙarfe, aka bar abin da tartsatsin ke faɗawa a kai a baya.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin duban al'amarin ta ɗaya fuskar. Za ta bi tarihin abubuwan da al'ummu daban-daban suka yi amfani da su wajen cafke tartsatsi domin hura wuta a daji ko a zango, ta kwatanta su, sannan ta nuna cewa fifikon wani a kan wani ya danganta ne da irin tartsatsin da zamani ya samar. Hausawa na cewa ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. A wannan fage karin maganar ya faɗa daidai, domin maƙeri ne ke ƙera ƙyastu, amma a kan abin da ya fito daga masaƙa wutar ke tashi.

2.0 Daga Tartsatsi Zuwa Harshen Wuta

Kafin a shiga kwatance, ya kamata a fayyace abin da ke faruwa idan aka ƙyasta ƙyastu. Mutane da dama na ɗauka daga jikin dutse tartsatsin ke fita. A haƙiƙa kaifin ƙanƙara ne ke ƙanƙaro wani ɗan mitsitsin ɓarɓashi daga jikin ƙarfen, zafin gogayya ya sa ɓarɓashin ya ci da iskar oksijin, ya tashi yana ƙuna. Wannan ne ya sa ba kowane ƙarfe ke yin ƙyastu ba, sai mai sinadarin kabon wanda maƙeri ya gasa ya tsoma a ruwa har ya yi tauri. Tartsatsin yana da zafi ƙwarai, amma ƙanƙantarsa ta sa zafin da yake ɗauke da shi kaɗan ne, kuma kafin ƙiftawar ido ya mutu.

Saboda haka kunna wuta da tartsatsi aiki ne mai hawa uku. Hawa na farko, tartsatsi ya faɗa kan wani abu ya zama ɗan garwashi. Hawa na biyu, a ɗauki garwashin a naɗe shi cikin yayi ko busasshiyar ciyawa a yi ta hurawa har harshen wuta ya tashi. Hawa na uku, a iza ƙirare, sannan itace. Kalmar makamashi a Hausa ta game duk waɗannan, har ma a yau ta faɗaɗa ta haɗa da fetur da lantarki. Domin guje wa ruɗani, a wannan maƙala za a kira abin da ke karɓar tartsatsi a hawa na farko da sunan makamashin farko.

Hausa ta riga ta tanadi bambancin da wannan nazari ya dogara a kai. Akwai wutar kara, wadda ke tashi fuu ta mutu nan take, akwai kuma wutar ƙaiƙayi, wadda ke ci ta ciki a hankali ba tare da harshe ba. Makamashin farko na ƙwarai shi ne mai halin wutar ƙaiƙayi. Da wannan za a auna kowane makamashi a kan ma'auni huɗu:

(i) saurin kama tartsatsi;
(ii) daɗewar garwashi bayan ya kama;
(iii) jure danshi da wahalar tafiya;
(iv) sauƙin samu da sauƙin sarrafawa.

3.0 Zamanin Farayit da Naman Itace

Tun kafin a san ƙira, ɗan'adam ya gano cewa idan aka bugi wani dutse mai ƙyalli da ƙanƙara yana fid da tartsatsi. Wannan dutse shi ne farayit, wanda haɗin ƙarfe ne da farar wuta, sunansa ma daga kalmar wuta ta Girkanci ya samo asali. A 2018 Andrew Sorensen da abokan aikinsa suka nuna cewa wasu gatura na dutse da mutanen Niyandatal suka bari a Faransa, kimanin shekaru 50,000 da suka wuce, suna ɗauke da sawun bugun farayit. A ƙarshen 2025 kuma aka bayyana sakamakon haƙar da aka yi a Barnham, cikin yankin Suffolk na Ingila, inda aka sami gasasshiyar ƙasa da gaturan da zafi ya fasa da gutsattsarin farayit guda biyu, waɗanda aka ƙiyasta shekarunsu da 400,000. A duka wuraren biyu dutsen ya saura, makamashin ya ɓace.

Tartsatsin farayit ja ne, mai rauni, ba ya kai na ƙarfe zafi. Abubuwa ƙalilan ne ke iya kama shi, kuma shaidar da ta tsira ta nuna wanda aka fi dogara a kai a arewacin duniya. Wani nau'in naman kaza ne mai tauri, mai siffar kofaton doki, wanda ke fitowa a jikin itatuwan da masana tsirrai ke kira Betula da Fagus. Sunansa na kimiyya Fomes fomentarius, kalmar fomes kuwa a Latin ma'anarta makamashi. A nan za a kira shi naman itace. An same shi tare da farayit a Star Carr da ke Yorkshire, wani mazaunin mafarauta mai kimanin shekaru 11,000, wanda Grahame Clark ya haƙa tsakanin 1949 da 1951. Laimar ƙasar wurin ce ta hana shi ruɓewa.

Shaida mafi ƙarfi ta zo ne a watan Satumba na 1991, lokacin da aka tsinci gawar wani mutum a cikin ƙanƙarar tsaunukan Alps, a kan iyakar Italiya da Ostiriya. Wannan mutum, wanda aka laƙaba wa suna Otzi, ya rayu kimanin shekaru 5,300 da suka wuce. A cikin 'yar jakar da ke ɗamararsa an sami curin naman itace, a jikinsa kuma akwai ɓurɓushin farayit. Haka kuma yana ɗauke da wani mazubi na ɓawon itacen Betula, wanda aka samu da gawayi da ganyayen da aka tsinka ɗanye, alamar yana yawo da garwashi a naɗe. Ke nan matafiyin ya yi tanadi biyu: garwashi domin kada ya wahala da ƙyastawa, naman itace kuma domin ranar da garwashin ya mutu. Abin lura shi ne ɓawon Betula yana da maiƙo, yana cin wuta ko da ya jiƙe, amma ba ya kama irin wannan tartsatsi, shi ya sa mutumin ya ɗauki naman itace duk da yana da ɓawon a hannu.

Rubutaccen tarihi ya tabbatar da wannan. Marubucin Rum Pliny Babba, a littafi na 36 na kundinsa na tarihin halitta da ya kammala wajen shekara ta 77 Miladiyya, ya ambaci cewa 'yan leƙen asirin sansanin soja suna amfani da farayit, suna bugunsa da ƙusa ko da wani dutse, suna tare tartsatsin da farar wuta ko busasshen naman kaza ko ganye.

4.0 Zamanin Ƙarfe: Ƙonannen Tsumma da Amadu

Da ƙira ta yaɗu, ƙyastun ƙarfe ya maye gurbin farayit a mafi yawan ƙasashe. Tartsatsinsa ya fi zafi, ya fi yawa, don haka ƙofa ta buɗe wa wasu nau'o'in makamashi. Biyu ne suka yi fice a Turai da ƙasashen Larabawa, kuma Larabci ya ba kowannensu suna: hurak ga ƙonannen tsumma, sufan ga naman itace da aka sarrafa.

4.1 Ƙonannen Tsumma

Yadda ake yinsa ba wuya. Ana samun tsumman lilin ko na auduga a sa masa wuta, idan ya kama sosai sai a danne shi a hana shi iska kafin ya zama toka. Abin da ya rage baƙin ƙyalle ne wanda saƙarsa na nan, amma zarensa ya zama gawayi. A gidajen Ingila na ƙarni na 18 ana ajiye shi a cikin wani ɗan gwangwani mai murfi biyu, na ciki domin danne garwashi bayan an gama, na waje kuma mai gurbin kafa kyandir. Da yake garwashin ba ya ba da harshe, sai a dangwala masa ɗan tsinke mai farar wuta a kai.

Dalilin da ya sa ƙonannen tsumma ya fi ɗanyensa kamawa shi ne wutar farko ta riga ta yi rabin aikin. Ɗanyen zare sai ya sha zafi mai yawa ya kori ruwan da ke jikinsa, ya fid da hayaƙi, sannan ya kama. Ɗan tartsatsi ba shi da ƙarfin yin duk wannan. Zaren da ya zama gawayi kuwa yana ci da iska kai tsaye, ga shi siriri, ga ƙofofi ko'ina. Tartsatsi ɗaya na faɗawa sai a ga jan ɗigo yana faɗaɗa. A ma'auni na farko babu abin da ya kai shi. A ma'auni na huɗu ma haka, tun da babu gidan da ba tsumma. Rauninsa yana ma'auni na uku, domin yana marmashewa a aljihu, yana kuma shan danshi. Daɗin daɗawa, sai da wuta ake yinsa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: matafiyin da bai ƙona tsumman gobe a wutar yau ba, zai kwana a duhu.

4.2 Amadu

Amadu shi ne sunan da Faransawa ke kiran naman itace bayan an sarrafa shi, Jamusawa kuma su ce zunder. Naman itacen yana da hawa uku: ɓawo mai tauri a sama, tsoka mai laushi kalar ƙasa-ƙasa a tsakiya, da jerin ƙananan bututu a ƙasa. Tsokar ake yankowa a jiƙa ko a dafa da ruwan toka, a yi ta bugu da guduma har ta baje ta yi laushi kamar jemammiyar fata, sannan a tsoma ta cikin ruwan gishirin nan da ake haɗa albarushi da shi, a shanya. Gishirin yana sakin oksijin idan ya ji zafi, don haka garwashin ba ya mutuwa ko da iska ta yi ƙaranci.

Wannan aiki ya zama sana'ar gari guda a wasu wurare. A Jamus, garuruwan Todtnau da Neustadt am Rennsteig sun yi suna a kansa a ƙarni na 18 da na 19, har ana yi wa mutanen Neustadt laƙabi da masu bugun naman itace. Likitocin fiɗa na wancan zamani sun yi amfani da wanda ba a sa wa gishiri ba wajen tsayar da jini. A garin Korond na ƙasar Romaniya sana'ar ta rayu ta wata fuskar, inda ake ɗinka huluna da jakunkuna da shi. Idan aka auna, amadu ya fi tsumma a ma'auni na biyu da na uku: garwashinsa yana daɗewa, kuma ana iya cusa shi a jaka a yi wata da watanni ana tafiya bai lalace ba. Sai dai yana bukatar dajin da itacen ke fitowa da gwanin da zai sarrafa shi, don haka saye ake yi. A taƙaice, tsumma makamashin gida ne, amadu kuwa na matafiyi da soja da mashayin taba.

5.0 Gashin Tsirrai a Asiya da Afirka

Inda naman itace bai wadata ba, jama'a sun juya ga gashin da tsirrai ke fitarwa a ganye ko a kwanson iri. A ƙasar Sin ana busar da ganyen wani tsiro dangin tazargade, a daka shi har gashinsa kaɗai ya rage, sau da yawa a ƙara masa gishirin albarushi. Sinawa na kiran makamashin farko huorong, har suka raɗa wa wani furen tsauni mai gashi suna huorongcao, wato ciyawar makamashi. A Tibet da Mongoliya an haɗa kayan wuri ɗaya: 'yar jakar fata ce da ake ratayawa a ɗamara, an kafa ƙarfen ƙyastu a gindinta, dutse da makamashi suna ciki. Mutanen Inuwit na ƙarshen arewacin Amurka sun ci gaba da amfani da farayit har ƙarni na 19, makamashinsu kuwa gashin furen wasu tsirrai ne da sukan cuɗa da garin gawayi.

A tsibiran kudu maso gabashin Asiya, Alfred Russel Wallace ya ba da labari a littafinsa na 1869 cewa mutanen Ternate suna fid da tartsatsi ta hanyar bugun jikin gora da fasasshen tangaran. Irin wannan tartsatsi mai rauni ne ainun, kuma makamashin da aka sani a wannan yanki shi ne wani lallausan gashi da ake kankarowa daga gindin reshen wasu itatuwa dangin kwakwa. Abin sha'awa, a kurmin Afirka ta Yamma an gano irin wannan dabara a jikin kwakwar manja, Yarbawa kuma suna kiran gashin da suna lewu. A Afirka ta Kudu, Turawan Buwa sun riƙa yawo da wani bututun tagulla cike da ƙonannen tsumma, mai suna tonteldoos. Akwai kuma wani tsiro da suke kira tontelbos saboda audugar kwansonsa da ake ƙyasta wa wuta, wanda a wurin masana tsirrai ɗan'uwan tumfafiya ne.

Abu ɗaya ke maimaituwa a duk waɗannan misalai. Da wuya a sami inda aka dogara da gashin tsiro yadda ya fito daga daji. Ko dai a babbake shi, ko a cuɗa shi da gawayi, ko a jiƙa shi da gishiri. Ɗanyen gashi halin wutar kara gare shi: idan ya ga harshen wuta sai ya tashi gaba ɗaya, amma tartsatsin ƙarfe yakan ratsa tsakanin silinsa ya mutu, in ma ya kama sai ya cinye kafin a kai shi ga ciyawa. Aikin mai sarrafawa shi ne ya mai da wutar kara ta koma wutar ƙaiƙayi.

6.0 Ƙyastu a Ƙasar Hausa

A cikin gari ko ƙauye, Bahaushe ba ya bukatar ƙyasta wuta kullum. Ana binne garwashi cikin toka ya kwana, idan kuma ya mutu sai a aiki yaro da tsingaro ya ɗebo a maƙwabta. Ƙyastu ya fi zama kayan wanda ya yi nisa da maƙwabci: fatake a kan hanyar Gwanja, mafarauta, makiyaya, da manomin da gonarsa ke nesa. Ga irin waɗannan mutane wuta a zango ita ce tuwo, ita ce maganin sanyin hunturu, ita ce kuma katanga tsakaninsu da kura.

Kayan ƙyastu sun haɗa sana'o'i da dama. Maƙeri ke ƙera ƙarfen, baduku ya ɗinka jakar, makamashin kuwa daga gona da masaƙa yake fitowa. Dutsen shi ne ƙanƙara, kalmar da Hausa ta haɗa dutsen ƙyastu da ƙanƙarar sama a cikinta. Kowane dutse mai tauri da kaifin baki yana iya aikin. Da bindiga mai ƙanƙara ta shigo, sai aka riƙa kawo sassaƙaƙƙun duwatsu daga Turai. Garin Brandon, wanda ke cikin Suffolk ba nisa da Barnham da aka ambata a baya, ya ci gaba da sassaƙa su domin kasuwannin Afirka har cikin ƙarni na 20, bayan sojojin Turai sun daɗe da barin irin wannan bindiga. Ita kanta bindigar ƙyastu ce da aka ɗaura wa kunama, albarushi ne makamashinta na farko.

Idan aka ɗora abubuwan da ƙasar Hausa ta tanada a kan ma'aunan nan huɗu, ga abin da ke fitowa. Auduga, a babbake ko a matsayin ƙonannen tsumman saƙi, ita ce kan gaba wajen kamawa, ga ta kuma a ko'ina a ƙasar da noma da kaɗi da saƙa suka kafu. Aibinta shan danshi, domin zaren auduga yana jan ruwa daga iska. Audugar rimi da ta gurjiya sun saɓa da ita a nan. Silinsu yana da rami a ciki, jikinsa kuma yana da wani maiƙo mai korar ruwa, shi ya sa a farkon ƙarni na 20 aka riƙa cusa audugar rimi a rigunan ceton masu nutsewa a teku. Ke nan ta fi auduga jure damina, amma ta fi ta saurin cinyewa. Audugar tumfafiya da ta kacalla halinsu ɗaya da ta rimi, sai dai tumfafiya tana da fifikon cewa tana fitowa a saura da bakin hanya inda babu rimi, kuma busasshen ɓargon karanta shi ma yana kama wuta. Totuwar kara da busasshen kashin shanu ko na jaki da ruɓaɓɓen itace ba su da saurin kama tartsatsi sai an babbake su, amma su ne gwanayen riƙe garwashi. Wurinsu yana tsakanin hawa na farko da na biyu.

Yanayi ma yana da hannu a hukuncin. Da hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙarau, kusan duk waɗannan suna aiki, bambancinsu kaɗan ne. Da marka ake gane na ƙwarai, kuma a lokacin ne jakar baduku ke zama daidai da makamashin wajen muhimmanci.

7.0 Ashana da Sabon Tartsatsi

A 1827 wani mai sayar da magunguna a garin Stockton-on-Tees na Ingila, John Walker, ya fara sayar da ashanar da ake gogawa ta kama. A 1844 Gustaf Erik Pasch na Suwidin ya ƙirƙiro wadda ba ta kamawa sai a jikin kwalinta, 'yan'uwan nan Lundstrom na garin Jonkoping kuma suka kyautata ta suka baza a kasuwa daga wajen 1855. Ashana ta haɗe hawa na farko da na biyu a kan tsinke ɗaya, ta ba da harshen wuta kai tsaye. Cikin 'yan shekaru gwangwanin tsumma ya fita daga gidajen Turai, sana'ar amadu ta durƙushe. Sannu a hankali abin ya iso Afirka ta Yamma ta hannun kamfanonin ciniki.

Tartsatsi bai mutu ba duk da haka. A 1903 masanin kimiyyar haɗa sinadarai na Ostiriya, Carl Auer von Welsbach, ya haɗa ƙarfe da wani ma'adini mai suna siriyom, ya samar da abin da ake kira ferosiriyom. Shi ne ɗan dutsen da ke cikin ƙyastun zamani na mashaya taba, shi ne kuma sandar da masu kwana a daji ke kankara da wuƙa. Tartsatsinsa yana kai kimanin digiri 3,000 a ma'aunin Salsiyas, yana zubowa da yawa, yana kuma daɗewa yana ci bayan ya faɗi.

Wannan sabon tartsatsi ya kifar da jerin fifikon da aka daɗe a kai. Ɗanyar auduga da audugar rimi, waɗanda ƙyastun ƙarfe ke wahala da su, yanzu suna tashi da harshe a bugu ɗaya ko biyu. Ɓawon Betula da Otzi bai iya ƙyasta wa wuta ba, idan aka kankare shi ya yi laushi yana kamawa nan da nan. Masu yawon daji na yau sukan shafa wa auduga man basilin domin ta daɗe tana ci kamar lagwani, ta kuma ƙi ruwa. Ƙonannen tsumma da amadu suna nan suna kamawa, amma garwashi kawai suke bayarwa, ga shi kuwa an sami hanyar tsallake wannan hawa. Abin da ya kasance aibi shekaru dubbai, wato halin wutar kara, shi ya zama abin nema.

8.0 Abin da Harshe ya Riƙe da Abin da ya Saki

Ga manazarcin harshe, wannan tarihi yana da wani darasi. Kalmomin bugu sun rayu saboda aikin bugun ya rayu. Aikatau ƙyasta ya tashi daga ƙarfe da dutse ya koma kan ashana, sunan ƙyastu ya koma kan na zamani mai gas, tartsatsi ya sami sabon gida a wurin masu walda da masu gyaran lantarki. Kalmomin makamashin farko kuwa ba su sami inda za su koma ba, domin ashana ta share hawan da suke a kai baki ɗaya. Inda suka tsira, wani abu ne ya riƙe su: sunan tsiro kamar tontelbos da huorongcao, sunan kimiyya kamar Fomes, ko sunan wuri kamar ƙauyen Tonteldoos na Afirka ta Kudu.

Wannan yana nuna inda ya kamata mai tattara kalmomi ya dosa a harsunan Nijeriya. Ƙamusoshin farko, irin na G. P. Bargery na 1934 da jerin sunayen tsirrai na Hausa da J. M. Dalziel ya wallafa a 1916, an tattara su ne a lokacin da ƙyastu ke rataye a jikin mutane, don haka wajibi ne a tace su da wannan manufa. Bayan su sai tsofaffin maƙera da mafarauta da makiyaya. Tambayar da za a yi musu kada ta tsaya ga sunan ƙarfe da dutse. A tambayi abin da ake ɗorawa a kan dutsen, da yadda ake babbaka shi, da abin da ake cuɗa shi da shi, da sunan jakar, da wanda ake ɗauka da rani da wanda ake ɗauka da damina. Kwatanta amsoshin a tsakanin Hausa da Fulatanci da Barbarci da Nufanci da Yarbanci da Ibo zai bayyana inda aka yi aro, ya kuma nuna iyakar da ke tsakanin yankin auduga da rimi da yankin kwakwar manja.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi makamashin farko ta zamuna uku. A zamanin farayit, raunin tartsatsi ya taƙaita zaɓi ga naman itace da 'yan abubuwa masu kama da shi. A zamanin ƙyastun ƙarfe, ƙonannen tsumma ya yi fice wajen saurin kamawa da araha, amadu ya yi fice wajen daɗewa da jure tafiya, gashin tsirrai kuma ya yi aiki bayan an babbake shi ko an haɗa shi da gawayi ko gishiri. A zamanin ferosiriyom, ɗanyar auduga da danginta suka hau gaba. Ke nan duk wanda ya tambayi wane makamashi ne ya fi, sai a fara tambayarsa wane tartsatsi yake da shi a hannu, a wane yanayi, kuma tafiyar kwana nawa ce a gabansa. An kuma nuna cewa al'ummun da ba su taɓa haɗuwa ba sun cimma dabara guda, ta sarrafa zare mai laushi har ya riƙa ci a hankali. Wannan ilimi a hannu da baki aka riƙa miƙa shi, kayansa ba sa daɗewa a ƙasa, don haka abin da ya saura daga cikinsa a harsunanmu yana bakin dattawan da suka ga ƙarshen zamanin ƙyastu, kuma yanzu ne lokacin rubuta shi.